Tafintan da ya dace: tarihin ginin manhaja a shagunan Adum

Wanda ya sauka daga turoturo a Kejetiya ya nufi Adum, waya ce za ta fara yi masa maraba. Tana cikin akwatunan gilashi a bakin titi, tana hannun samarin da ke tare mutum suna tambayarsa ko saye zai yi ko musanya, tana kan allunan talla har saman benaye. Inda cinkoson ya fi tsanani shi ne wajen da kowa ke kira PZ, sunan da ya gada daga kamfanin Paterson Zochonis, wanda ya fara ciniki a Saliyo aka yi masa rajista a 1884. A ƙasa masu sayarwa suke. A sama da cikin lunguna kuwa masu gyara ne: mai canja gilashi, mai aikin dalma, mai filashin. A cikin waɗannan akwai 'yan tsiraru da aikinsu bai tsaya ga zuba wa inji manhajar da wani ya gama haɗawa ba. Su suna ɗauko rubutun manhajar tun daga tushe, su gina ta da kansu. Ina cikinsu, kuma tun da na shiga sana'ar tambaya ɗaya ce ke gaban kowane aiki: da wace kwamfaila, wato tafintan manhaja, za a gina, kuma wace sigarta?

Adum ta girmi waya, ta girmi PZ. Unguwa ce ta tsohon birnin Kumasi, da sarkinta Adumhene a ƙarƙashin Asantehene. Kakanninmu fatake ne da ke tasowa daga Kano da Katsina da Sakkwato zuwa Gwanja neman goro, kuma galibinsu a Salaga suke tsayawa, don Tonawa ba su cika barin baƙon arewa ya kutsa har dajin goro ba. Malamai ne suka riga 'yan kasuwa zama a birnin: Baturen Ingila Bowdich da ya zo a 1817, da Dupuis da ya biyo shi a 1820, duk sun tarar da Musulmi a fadar Osei Bonsu suna yi masa rubutu. Daga baya al'amura suka juye da sauri. Ingilishi suka ƙone Kumasi a 1874, yaƙin basasa ya watsa kasuwar Salaga a 1892, aka kama Prempeh na ɗaya a 1896, aka yi yaƙin Yaa Asantewaa a 1900, sai jirgin ƙasa ya iso daga Sekondi a 1903. Goro ya bar bayan jaki ya koma jirgin ƙasa da na ruwa, kuma Alhassan Ɗantata yana cikin na farko da suka bi da shi ta teku zuwa Ikko. Kamfanonin Turawa irin su UAC suka kafa kantuna a Adum, kusa da tasha da ganuwar soja. Mu kuma aka bar mana Zongo: fatake, tsofaffin sojoji, Mosawa, Zabarmawa, Dagombawa, Yarbawa, Hausa ce harshen da ya haɗa kowa. Tun daga lokacin tsarin bai canza sosai ba. Da safe a gangaro Adum neman abinci, da magariba a koma Aboabo ko Asawase ko Sabon Zongo. Dokar korar baƙi ta gwamnatin Busia a Nuwambar 1969 ta kwashe gidaje da yawa, har da dangin mahaifiyata, amma waɗanda suka rage sun ci gaba da gangarowa.

Abin da Zongo ta riƙe gam shi ne koyon sana'a a hannun masta. Uba ko kawu ya ɗauki yaro, ya haɗa da goro da ɗan abin hasafi, ya kai shi wurin tela ko direba ko makaniki a Suame Magazin. Haka aka yi da ni a farkon shekarun 2000, sai dai ni shagon kwamfuta aka kai ni, a wani bene da ke bayan titin Prempeh na Biyu. Kawu ya ce, "Masta, ga ɗanka nan. Ya gama sakandare, kuma hannunsa na son ƙarfe." Masta mutumin Ayigya Zongo ne, unguwar da ke maƙwabtaka da jami'ar KNUST, kuma ya yi shekaru yana gyara wa malamai da ɗalibai injuna kafin ya buɗe shagonsa. A wajensu ya ga Linux, a wajensa ni ma na gani.

Kwamfuta ba ta jin maganar mutum. Abin da ƙwaƙwalwarta ke karantawa jerin lambobi ne, kuma kowane irin inji da nasa: na Intel daban, na ARM da ke cikin waya daban. Mai rubuta manhaja kuwa da harshe irin C yake rubutu, wanda Dennis Ritchie ya ƙirƙiro a Bell Labs ta Amurka wajen 1972, harshen da mutum zai iya karantawa ya gyara. Kwamfaila ita ce manhajar da ke tsakaninsu, tana ɗaukar rubutun mutum ta mayar da shi lambobin inji. Dattawanmu sun san tafintan kotu na zamanin Turawa: abin da ya gaya wa joji shi ne maganarka, ko haka ka faɗe ta ko ba haka ba. Idan aka kawo sabon tafinta da ya fi tsohon karatu, sai ka ga ya ƙi karɓar wata magana da tsohon ke bari ta wuce, ko ya fahimce ta ta wata fuskar. Maganar ba ta canza ba, mai fassarar ne ya canza. A ƙaramin rubutu wannan ba abin damuwa ba ne. Amma kanel na Linux, wato zuciyar babbar manhajar, ya haura layi miliyan 30, dubban mutane suka rubuta shi cikin shekaru sama da talatin, kuma kowannensu da kwamfailar zamaninsa ya gwada abin da ya rubuta.

A da kwamfaila haja ce mai tsada, kamfani ke sayar da ita tare da injinsa. Richard Stallman ya shelanta shirin GNU a 1983 da niyyar a sami manhaja wadda kowa ke da ikon karantawa da gyarawa da rabawa, ya kuma gane cewa duk wannan zance ne kawai muddin kwamfailar ta wani ce. A Maris ɗin 1987 ya fitar da GCC. Da ita Linus Torvalds, ɗalibi a Helsinki, ya gina Linux a 1991. Ba don GCC ba, da yaron Aboabo bai taɓa zama gaban tsohuwar Pentium ya gina kanel ba tare da ya biya kowa ko sisi ba, kuma wannan bashi ne da nake ganin ya kamata masu sana'armu su san suna ɗauke da shi.

Sai dai tun da wuri siga ta zama abin rigima. A 1997 wasu masana da suka ga aikin GCC na tafiyar hawainiya suka ɓalle suka kafa nasu reshen, EGCS. Reshen ya fi uwar kyau, har a 1999 aka miƙa masa ragama, aka fitar da GCC 2.95. A shekarar 2000 kamfanin Red Hat ya fitar da Linux ɗinsa na 7.0 da wata kwamfaila da ya ciro daga aikin da ba a kammala ba, mai lamba 2.96. Suna da hujjarsu, don ta fi ta baya iya harshen C++. Amma kwamitin da ke kula da GCC ya fito fili ya ce bai taɓa fitar da siga mai wannan lamba ba, kuma abin da aka gina da ita a C++ ba ya jituwa da na 2.95 ko na 3.0 da ta fito a 2001. Su kansu Red Hat sun saka wata tsohuwar kwamfaila daban, mai suna kgcc, don ginin kanel kaɗai. Wato inji ɗaya, kwamfaila biyu, kowace da aikinta. Masu rubuta MPlayer, manhajar kallon bidiyo da aka fara a Hangari, har shinge suka sa: idan ta ga 2.96 sai ta ƙi ginuwa.

Lokacin da na zo shago wannan ƙurar ba ta gama kwantawa ba. Gana ta sami cikakkiyar intanet tun 1995 ta hannun Nii Quaynor da kamfaninsa NCS, igiyar SAT-3 ta ƙarƙashin teku ta iso Ankara, babban birnin ƙasar, a 2002, amma a Kumasi layin tarho ne da modem mai kuka, kuma da minti ake biya. Sauke babbar manhaja aikin dare ne a shagon intanet. Saboda haka dukiyar mai gyara faifai ce. Masta yana da wata jakar faya-fayai mai zif, kowane faifai da rubutun maka a kansa, kuma a aljihun farko akwai wanda aka rubuta wa 2.95.3. Ita ce sigar da takardun kanel na 2.4 suka ce a yi amfani da ita, shi kuwa ba ya ƙetare abin da takardun suka ce.

Me ya sa ma ake gini, ba a zuba abin da ke faifai a huta ba? Saboda injunan da ke zuwa mana kwance ne daga Turai, waɗanda ofisoshi suka gaji da su, kowanne da irin katinsa na sauti da na hoto da modem. Sau da yawa faifan ba shi da direban katin, wato 'yar manhajar da ke tafiyar da shi, sai an nemo rubutunsa an gina. Kanel na wancan zamani kuma yana duba tambarin duk direban da aka kawo masa. Idan sigar kwamfailar da ta gina direban ta saɓa da wadda ta gina shi, sai ya ƙi karɓa. Ga kuma masu son kallon finafinan Kano da na Indiya a kwamfuta, waɗanda dole a gina musu MPlayer. Na tuna wata Asabar da wani malamin makarantar Islamiyya ya kawo injin da aka ba makarantarsu kyauta, modem ɗinsa ya ƙi magana. Na ɗauko sabon faifan da ɗalibai suka kawo mana a makon, mai GCC ta 3, ina ɗokin gwada ta. Masta ya dafa hannuna. Ya buga umarni guda a baƙin allon, layi ɗaya ya fito: lambar kanel, ranar da aka gina shi, da sigar kwamfailar da ta gina shi. Ya sa yatsa a ƙarƙashin lambar ya ce, "Karanta min." Na karanta. Ya ce, "To, ita za ka nemo a jaka. Injin ya riga ya gaya maka wanda ya san maganarsa." Fayil ɗin da ya buɗe shi ne /proc/version, yana nan a kowane Linux har gobe, kuma shi nake fara buɗewa a duk injin da aka ajiye a gabana.

Shekarun da suka biyo baya sun zo da sauƙi. Aka buɗe cibiyar Kofi Annan ta fasahar sadarwa a Ankara a 2003 da taimakon Indiya, ƙarƙashin Dorothy Gordon, ta zama matattarar masu buɗaɗɗiyar manhaja, har ta karɓi taron Idlelo na Afirka a 2010. Ubuntu ta fito a Oktoban 2004, kuma kamfanin Mark Shuttleworth ya riƙa aiko da faya-fayanta kyauta ta gidan waya zuwa ko'ina a duniya har 2011. Fakiti-fakiti suka riƙa isowa babban gidan waya na Adum. A cikin waɗannan faya-fayan na fara ganin tsarin allon rubutu na Hausar Gana, mai haruffa irin su ɗ, jere da na Akan da Ewe da Ga, abin da ya sa na buga wa mahaifina wasiƙa a ranar don kawai ya ga haruffan. Gini ya ragu a shago, tunda yawancin abin da ake so yana zuwa a haɗe. Wasu abokan sana'a suka ɗauka zancen siga ya mutu.

Bai mutu ba, kuma abin da ya faru a 2009 ya nuna cewa haɗarin ya wuce gini ya tsaya da jan rubutu. A kanel na 2.6.30 akwai wani wuri da mai rubutu ya yi amfani da adireshin ƙwaƙwalwa, sannan a layin ƙasa ya duba ko adireshin fanko ne. GCC ta yi lissafinta: tunda an riga an yi amfani da shi, ai ba fanko ba ne, don haka dubawar ɓata lokaci ce, sai ta share ta daga abin da ta miƙa wa inji. A ƙa'idar harshen C ba ta yi laifi ba. Amma wani mai bincike, Brad Spengler, ya nuna yadda za a bi ta wannan kafa a ƙwace injin gaba ɗaya. Wanda ya karanta rubutun zai ga kariyar tana nan. A cikin injin babu ita. Masu kanel suka gyara wurin, suka kuma ƙara wani umarni da ke hana kwamfaila irin wannan sharar. Ni abin da ya fi tsaya min a rai shi ne cewa ginin ya kammala lafiya lau, ba gargaɗi ba kuskure. Tun daga nan na daina ɗaukar kammaluwar gini a matsayin shaidar cewa an zaɓi daidai.

Waya ce ta dawo da sana'ar gini Adum da ƙarfinta. Android ta fito a 2008, kuma a ƙarƙashinta kanel na Linux ne. Cikin 'yan shekaru wayoyi masu araha, galibinsu da ƙwaƙwalwar MediaTek, suka cika PZ. Mai filashin na gama-gari yana sauke fayil ɗin kamfani ya zuba, shi ke nan. Amma akwai wayar da kamfani ya daina waiwaya bayan shekara ɗaya, akwai wadda aka canja wa gilashi da wani iri sai taɓawa ta ƙi aiki don kanel bai san sabon ba. Mai irin wannan waya ba shi da kuɗin sabuwa. 'Yar kasuwa ce a Kejetiya da lambobin abokan cinikinta ke ciki, ko ɗan acaba, ko ɗalibi. A nan ake nemo mu.

Ginin kanel na waya a kan kwamfuta ake yinsa, da kwamfaila ta musamman wadda ke zaune a injin Intel tana fitar da lambobin ARM. Wayoyin wancan lokaci kan kanel 3.4 ko 3.10 suke, kuma Google ta ajiye sigogin GCC da ake gina su da su, daga 4.6 har zuwa 4.9. A Afrilun 2015 GCC 5 ta fito. Duk wanda ya sabunta kwamfutarsa ya ɗauko tsohon kanel, ko minti ɗaya ba a yi sai ginin ya tsaya, yana neman wani fayil mai suna compiler-gcc5.h. Dalilin mai sauƙi ne: kanel yana duba lambar kwamfailar ya nemi fayil mai wannan lamba, waɗanda suka rubuta shi kuwa a zamanin 4 suka tsaya. Dabarar da ta yaɗu ita ce a kwafi fayil na 4 a canja masa suna zuwa 5. Ginin yakan wuce wurin, wani lokaci har ya kai ƙarshe, sannan a zuba a waya ta tsaya a tambarin kamfani ta ƙi gaba. Ban taɓa yarda yarana su yi wannan a wayar mutane ba. Kanel ɗin ba a taɓa gwada shi da wannan kwamfaila ba, kuma wayar da za a yi gwajin a kanta ita ce jarin wata baiwar Allah.

A shekarar 2015 ɗin ce dumsor, wato yawan ɗauke wuta, ta fi tsanani, lokacin da jadawalin ya kai awa 24 babu wuta, awa 12 akwai. Kuskuren da ya fito a minti na farko rahama ne. Mai ciwo shi ne wanda ke jira sai an yi awa uku ana gini, fankar tsohuwar kwamfuta na ihu, sannan ya fito a wajen haɗa guntayen ƙarshe, ga wuta saura kaɗan a ɗauke. A ƙasar da wuta ba ta yankewa, zaɓen sigar da ba daidai ba asarar ɗan lokaci ce. A wajenmu asarar yini biyu ce da kuɗin man janareto, da fuskar mai waya da ta dawo karo na biyu. Shi ya sa masu ginin Adum suka fi wasu ƙwararrun da na sani taka-tsantsan a wannan fanni, ko da ba su da takardar jami'a.

A lokacin na riga na buɗe nawa shagon, da yara a hannuna. Wata rana ɗaya daga cikinsu, yaro mai kaifin kai daga Asawase, ya ce min, "Masta, ba sabuwar ta fi ba? An ce ta fi sauri, ta fi kama kurakurai." Na ce masa gaskiya ne, ta fi, ga rubutun da ake rubutawa yau. Na haɗa wayar da kwamfuta, na sa shi ya buɗe /proc/version da hannunsa. Layin ya fito da 4.8. Na ce ya nemo ta a had-dis ɗin shago, ya nuna wa ginin hanyarta, ya bar wadda ta zo da kwamfutar a inda take. Bayan la'asar wayar ta tashi, taɓawa na aiki. Ya rubuta sunan wayar, lambar kanel da sigar kwamfailar a littafin da ke kan teburi, kamar yadda na sa kowa ya riƙa yi.

Littafin nan ya zama dole ne saboda wani giɓi. Lasisin GPL da kanel ke ƙarƙashinsa ya wajabta wa duk wanda ya sayar da inji mai Linux ya ba da rubutun tushen, har da fayilolin da ke tafiyar da ginin. Wasu kamfanonin waya suna cika wannan, wasu sai an yi ta bin su, wasu kuma ko amsa ba sa bayarwa. Na taɓa rubuta wa wani kamfani da wayoyinsa suka cika kasuwarmu ina neman rubutun wata waya, shiru har yau. Waɗanda suka bayar ma ba kasafai suke faɗin kwamfailar da suka yi aiki da ita ba. Wannan yana ƙona min rai, domin mutanen da suka rubuta Linux kyauta suka bayar bisa sharaɗin a bar ƙofa a buɗe, kuma wanda aka rufe wa ƙofar shi ne talakan da ya fi kowa buƙatar wayarsa ta daɗe.

Ana cikin haka GCC ta sami kishiya. Chris Lattner da Vikram Adve sun fara LLVM a Jami'ar Illinois a 2000, kamfanin Apple ya ɗauki Lattner, aka fitar da Clang a 2007. A shekarar ce aka fito da sabon lasisin GPL na uku, wanda Apple bai so ba, ya tsaya a GCC 4.2.1 har ya koma Clang gaba ɗaya. FreeBSD ta bi sahu a 2014. Google ta gina kanel ɗin wayar Pixel 2 da Clang a 2017, ta cire GCC daga kayan aikin masu rubuta manhajar Android a 2018. Yanzu tambayar ta zama biyu, wace kwamfaila sannan wace siga, kuma layin nan na /proc/version a sababbin wayoyi sunan Clang yake nunawa. Manyan ayyuka sun gaji da jayayyar sun yanke ta da kansu: Chromium yana sauke tasa Clang ɗin da ya gwada, Firefox ma yana da umarnin da ke kawo kayan ginin da masu shi suke amfani da su. Kanel kuma yana da takarda a cikin rubutunsa da ke faɗin mafi ƙarancin sigar da ya yarda da ita. A 2021 aka ɗaga ta zuwa GCC 5.1, a 2025 zuwa 8.1. Wato shingen biyu ne. Sabon rubutu yana ƙin tsohuwar kwamfaila, tsohon rubutu yana ƙin sabuwa, mai gini kuma aikinsa ya gano tazarar da ke tsakani, ya zauna kusa da abin da masu rubutun suka gwada.

Sababbin sigogi ba su daina tsananta ba. GCC 10 ta 2020 ta daina haƙuri da suna ɗaya da aka ayyana a wuri biyu, sai tsofaffin kanel na waya suka riƙa faɗuwa a kan wata kalma, yylloc, wadda duk mai gini a Adum ya haddace ba da son ransa ba. GCC 14 ta 2024 ta mayar da wasu tsofaffin gargaɗi kuskure mai tsayar da aiki. GCC 15 ta 2025 ta koma karanta C da ƙa'idar C23. Ban ga laifin masu yin wannan ba. Sakacin da suke toshewa sakaci ne na gaske, kuma irinsa ne ke buɗe wa ɓarayi kafa. Abin da nake so a gane shi ne nauyin ba ya faɗuwa daidai wa daida. Mai sabon inji da rubutun da ake kula da shi kullum ba ya jin komai. Mai tsohon inji da rubutun da aka yi watsi da shi, shi ke ɗauka, kuma irin waɗannan injuna nan suke ƙarewa, a Adum da Alaba ta Ikko da Farm Centre ta Kano.

Jakar Masta mai zif ta zama had-dis, had-dis ɗin ma yanzu cike yake da akwatunan Docker, fasahar da ta fito a 2013, inda ake killace tsohuwar Ubuntu da kwamfailarta a cikin sabuwar kwamfuta ba tare da sun taɓa juna ba. Ina da na 14.04 don tsofaffin wayoyi, na 18.04 mai GCC 7, na 22.04 mai GCC 11. Bayan gobarar da ta cinye shaguna a wajen Blue Light a Maris ɗin 2025 na kwafe su duka, da hoton kowane shafi na littafin teburi, na kai gida Aboabo, na kuma ba wani tsohon yarona da ke da shago a Tamale kwafi. Wasu daga cikin sigogin nan samunsu a intanet ya fara wuya, kuma sauke su kuɗin data ne.

Aikin da ke gabana yanzu na wata makarantar Islamiyya ce a Zongo, mai ɗakin kwamfuta da injuna 'yan zamanin Pentium 4, masu 32-bit. Microsoft ta daina kula da Windows 10 a Oktoban 2025, kuma su dama ko ita ba za su iya ɗauka ba. Ubuntu ta daɗe da barin irinsu, Debian 13 da ta fito a Agustan 2025 ita ma ba ta da kanel ko faifan sakawa dominsu. Shugaban makarantar ya tambaye ni ko a sayar wa masu gwangwan. Na ce masa, "Malam, a ba ni su tukuna." Debian 12 tana karɓarsu, za a ci gaba da kula da ita har 2028, kuma GCC 12 ce a cikinta. Da ita zan gina musu ƙaramin kanel da aka cire wa duk direban da ba sa buƙata, don ram ɗinsu kaɗan ne. Yaran shago biyu za su yi ginin, ni in duba, sannan a manna takarda a cikin murfin kowane inji da lambar kanel da sigar kwamfailar, saboda wanda zai buɗe shi bayanmu.